Yadda ake shirya baje kolin kayan tarihi na lokaci-lokaci a ɗakin tarihin unguwa

Tun da muka rufe baje kolin kayan fataucin goro a ɗan ɗakin tarihin unguwarmu a nan Kumasi, tambayoyi ba su yanke ba. Malaman makarantu sun tambaya, samarin Aboabo da Sawaba da Asawase sun aiko, har daga Nima da Sabon Zongo na Accra an rubuto, kuma maganar duk ɗaya ce: ta ina ake farawa, me ake tanada, nawa ake kashewa. Na ga ya fi dacewa in jera matakan a wuri guda bisa tsarin da muke bi, domin wanda ba shi da komai sai ɗaki ɗaya, ko aji ɗaya da makaranta ta ara masa, ya iya ɗauka ya yi aiki da shi.

Abu guda nake so mai karatu ya riƙe kafin ya shiga matakan. Ƙaramin gidan tarihi ba shi da rumbun kaya nasa na kansa. Abin da za a nuna yana cikin adudu da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadajen iyayenmu da kakanninmu, aro za a ba mu, kuma wanda aka dawo masa da kayansa lafiya bana shi ne zai sa maƙwabcinsa ya buɗe nasa akwatin baɗi. Shi ya sa za a ga na daɗe a kan rajista da mayar da kaya fiye da yadda na daɗe a kan fenti da ado.

1. A tsayar da lokaci da jigo, wata huɗu kafin buɗewa

A ɗora kalanda biyu a kan tebur, ta Musulunci da ta boko, domin watannin Musulunci suna ja baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, Sallar da ta faɗo cikin hunturu kuwa ba za ta dawwama a can ba. Sannan a duba yanayin garin. A Kumasi babbar damina tana kamawa daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙaramar ta biyo baya daga Satumba zuwa Nuwamba, hunturu kuma daga Disamba zuwa Fabrairu. Takarda da tufa da hoto sun fi samun lafiya a lokacin da iska ta bushe, amma kayan fata irin su gafaka da buzu da kube suna tsagewa idan bushewar ta yi yawa.

Jigon ya bi lokacin. Ƙaramar Sallah ta dace da tufafi da ɗinki da hotunan sutudiyo na da. Babbar Sallah ta dace da aikin hajji, musamman labarin waɗanda suka tafi ta ƙasa, ta Chadi da Sudan, suka yi shekaru a hanya. Watan Maulidi na allo ne da tawada da rubutun ajami. Watan Maris, da ake bikin 'yancin kan Ghana ranar 6 ga wata, ya dace da tsofaffin sojojin da suka je ƙasar Bama (Burma) a Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda lambobinsu da takardun sallamarsu ke nan a gidaje da dama. Mu goro muka zaɓa, kuma da shi zan riƙa ba da misali.

Hattara: kuskuren da ya fi yawa shi ne a ce jigon shi ne "Tarihin Zongo" gaba ɗaya. Wannan ya fi ƙarfin ɗaki ɗaya, kuma ƙarshensa tarkace ne da ba su da alaƙa da juna. Kaya 30 zuwa 40 da ke ba da labari guda sun isa. Kada kuma a sa ranar buɗewa cikin goman ƙarshe na azumi, lokacin da hankalin kowa ke kan tahajjud da ɗinkin Sallah. Kwana biyu ko uku bayan Sallah, baƙi ba su watse ba tukuna, shi ne daidai, a bar shi a buɗe mako huɗu zuwa shida.

2. A gaida manya, a kafa kwamiti

Kafin a ƙwanƙwasa ƙofar kowa neman kaya, a je wa sarkin unguwa da limamin masallacin Juma'a da magajiya da ɗan majalisar unguwa, wanda muke kira asambiliman. A tafi da goro, a durƙusa, a ce, "Ranka ya daɗe, mun zo neman izini da albarka," a faɗi jigon da ranar da wurin. Idan liman ya ambaci maganar bayan sallar Juma'a, magajiya kuma ta faɗe ta a taron mata, rabin aikin neman kaya ya ƙare.

Kwamitin kada ya wuce mutum bakwai: mai riƙe rajista, mai riƙe kuɗi, mai ɗaukar labari, kafinta ko wanda ya san aikin katako, malamin makaranta, mai kula da yara, da dattijuwa guda wadda ake jin kunyarta. Ita dattijuwar nan ba ado ba ce. Yawancin kayan suna ɗakunan mata, kuma akwai ɗakin da namiji baligi ba zai shiga ba sai da ita.

Hattara: Zongo ba na Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Mosi da Dagomba da Wangara da Zabarmawa da Fulani da Yarbawa da Kotokoli da Gurunshi da sauransu, kowace al'umma da sarkinta. Wanda aka tsallake a gaisuwa zai ɗauka an tsallake shi a tarihi ne, kuma gyaran wannan ya fi wuya fiye da zuwa gaisuwar tun farko.

3. A yi kasafi kafin a sayi ko ƙusa

Farashi yana canjawa tsakanin wata da wata, don haka ba farashi zan bayar ba, rabo zan nuna. A ce abin da aka tara sidi 10,000 ne. Sai a ware 3,000 na katako da gilashi da ladan kafinta, 2,500 na buga hotuna da takardun bayani, 1,500 na fenti da fitilu da wayar lantarki, 1,500 na rumfa da kujeru da lasifika da ruwan sha na ranar buɗewa, 500 na sufuri da goron gaisuwa, a ajiye 1,000 ba a taɓa ba sai abin da ba a zata ba ya taso, kuma zai taso. Katako da gilashi a shekarar farko suke cin kuɗi. Idan kafinta ya haɗa su da sukurori maimakon ƙusa, ana kwancewa a ajiye, baɗi wannan kason ya koma wani wajen.

A nemi farashi a wuri uku kafin a biya, a karɓi rasit ko da na sidi 5 ne. Gudummawar da ke shigowa ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, musamman daga 'yan unguwa mazauna Jamus da Italiya da Amurka, a riƙa rubuta ta a littafi ranar da ta shigo, mutum biyu su sa hannu, sannan a manna lissafin a bango bayan an gama.

Hattara: a shekarar zaɓe za a sami mai son ɗauke nauyin komai da sharaɗin a kafa hotonsa a ƙofa. Gudummawarsa a karɓa kamar ta kowa, a rubuta sunansa cikin jerin masu taimako, amma fosta ba ta shiga ɗakin, domin rabin unguwa za su ƙi zuwa.

4. A bi gida-gida, a rubuta kowane aro

Nan ne zuciyar aikin. Kayan aikin ba su da tsada: littafin rajista mai bango mai kauri, littafin rasit mai kabon, biro, fensir, tef na awo, waya mai kyamara mai kyau, ƙananan katuna masu huda da farin zare, da tsohon zanen gado mai tsabta na naɗe kaya. A tafi mutum biyu ko uku, ba taro ba.

Tsarin shi ne wannan, kuma ba a sauya shi don gaggawa. Da farko a ɗauki hoton abin a ɗakin mai shi, gaba da baya da ƙasa, tare da duk wata tsaga ko tsatsa ko ɓula da ke jikinsa. Na biyu a ba shi lamba mai kashi uku, shekara da gida da kaya, misali 2025/07/2, wato abu na biyu daga gida na bakwai, a rubuta ta a kati a ɗaura da zare a jikinsa nan take. Na uku a cika rajista: lambar, sunan abin kamar yadda mai shi ya kira shi, tsawo da faɗi, lahanin da aka gani, sunan mai shi, ranar karɓa, ranar mayarwa. Na huɗu a rubuta rasit, a karanta wa mai kayan da Hausa ko da harshen da ya fi ji, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, shaida daga gidan ya sa nasa, a ba shi na sama a riƙe na kabon. Bayan duk wannan ne ake naɗe kaya a fita da shi.

Wasu suna ganin rubutu tsakanin maƙwabta rashin yarda ne. Ina tuna musu cewa kayan zinariya da azurfa 32 da suka zo gidan tarihin Manhyia, fadar sarkin Asante, a 2024 daga manyan gidajen tarihi biyu na Landan, aro ne na shekara uku a rubuce, duk da cewa daga Kumasi aka kwashe su tun asali. Kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, dattawanmu sun fi mu saninta.

A shekararmu ta farko mun karɓi tasoshin tagulla biyu masu kama da juna daga gidaje biyu, muka ce za mu ɗaura lamba idan mun isa ɗaki. Da aka zo mayarwa muka musanya su. Ɗaya daga cikin matan ta juya tasar ta duba gindinta, ta ga babu alamar da mahaifiyarta ta yi da bakin wuƙa, ta ajiye ba ta ce komai ba. Mun gano kuskuren, mun gyara, mun ba da haƙuri, amma shekara biyu gidan nan bai sake ba mu ko allura ba, kuma suna da gaskiya.

Hattara: a tambaya ko kayan na wanda ya miƙo ne shi kaɗai. Wata Hajiya ta buɗe mana akwatin marigayi mijinta, ƙamshin kafur da tsohon turare ya cika ɗakin, ta ɗauko ɗan littafin lissafinsa na goro, ajami ne da jar tawada da baƙa, gefensa ya yi laushi saboda yawan riƙewa. Na ce, "Mma, a ba mu aron wannan." Ta ce, "Ɗana, ba nawa ba ne ni ɗaya, gadon yara ne, sai babban wansu ya yarda." Mako uku muka jira kafin ya amsa daga inda yake, kuma jiran shi ne daidai. Kayan gadon da ba a raba ba, ba a karɓarsa da izinin mutum ɗaya.

Hattara kuma: laya da guru da rigar yaƙi mai layu ba a buɗe su don a ga abin da ke ciki, ko da mai su ya ce ba komai. Sannan idan baƙo ya ga abu ya nemi saye, kwamiti ba dillali ba ne, ba ya ba da sunan gida. Dokar gidajen tarihi ta 1969 ta hana fitar da kayan tarihi daga Ghana sai da izinin hukumar gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa.

5. A ɗauki labarin daga bakin masu kaya

Abin da ba shi da labari tsohon kaya ne kawai. A koma gidan a wata rana dabam, da hantsi ko bayan la'asar, a nemi wurin da ba janareta ba injin niƙa, a ajiye waya kusa da mai magana kamar taƙi biyu, a fara da faɗin rana da sunansa da lambar kayan. Tambayoyi huɗu sun wadatar: wa ya fara mallakar abin, daga ina ya zo, me ake yi da shi, ta yaya ya iso hannunka. Daga nan a yi shiru a saurara. Minti 30 zuwa 40 ya isa wa tsoho a zama ɗaya. A daren ranar a kwafe muryar zuwa kwamfuta da filash, domin waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa.

Tsofaffi ba sa ƙirga da shekarar boko, da aukuwa suke ƙirgawa, don haka mai ɗaukar labari ya riƙe 'yan shekarun da zai auna magana da su. A fataucin goro, yaƙin basasar Salaga, babbar kasuwar goro ta arewacin Ghana, na 1892 ne ya watsa fatake zuwa Kete-Krachi da Yeji da wasu garuruwa, jirgin ƙasa daga Sekondi ya iso Kumasi a 1903, Alhaji Umaru na Kete-Krachi, malamin da aka haifa a Kano, ya rasu a 1934. Idan aka ce kaka ya zo tare da madugu a ayarin jakuna, ko an ce ya yi karatu wajen Alhaji Umaru, an sami iyakar da za a sa labarin a ciki. Wanda ke son ƙarin tabbaci yana iya zuwa ofishin adana takardun gwamnati na PRAAD da ke nan Kumasi, ko Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana a Legon, inda aka tara rubuce-rubucen Larabci da ajami tun shekarun 1960.

Hattara: akwai maganganun da tsoho zai faɗa maka a ɗaki amma ba ya so a ji a lasifika, irin su asalin bauta, rikicin sarauta, saɓanin ɗariƙa, da korar baƙi da gwamnatin Ghana ta yi a 1969 wadda ta raba gidaje da yawa a Zongo. A tambaye shi a fili wane ɓangare ya yarda a saki, a rubuta amsarsa a rajista, a tsaya a kanta.

6. A share kaya, ba a sabunta su ba

Aikinmu cire ƙura ne kawai. Buroshin fenti sabo mai laushi da busasshen ƙyalle na auduga sun isa, hannu kuma a wanke shi a bushe sarai. Ba a wanke tsohuwar riga, ba a goge tagulla da man ƙyalli ko toka da lemun tsami, ba a shafa wa fata man kaɗe, ba a kankare allo. Duhun da ke jikin tasa shekarunta ne, kuma mai ita bai ce a cire ba.

Duk abin da ya shigo a ware shi mako guda a kan farin ƙyalle, nesa da sauran. Idan aka ga gari-gari ya zubo a ƙarƙashin katako ko ƙwarya, ko ƙananan ɓula a tufa, akwai ƙwaro a ciki. Tufar auduga ko ulu zalla ana iya sa ta a leda, a fitar da iska, a ɗaure tam, a sa a firiza mai ƙarfi mako ɗaya zuwa biyu, sannan a bar ta kwana ɗaya cikin ledar kafin a buɗe, da sanin mai ita. Kada a yi wa fata ko ganga ko abin da ke da fenti haka, kuma idan wuta na yawan ɗaukewa a unguwar a haƙura da wannan hanya, a mayar da abin gida a nuna hotonsa. Ba a fesa maganin sauro a kan kaya, kafur kuma ba ya taɓa jikin tufa kai tsaye.

Hotuna da takardu hukuncinsu dabam ne: na asali ba ya hawa bango. A yi sikanin ɗinsa, ƙaramin hoto a kan 600 dpi, ma'aunin kaifin sikanin ke nan, domin a iya faɗaɗa shi, a buga kwafi, a mayar da na asalin gida cikin mako guda. Wanda zai kai gidan buga hoto ya tsaya a kansa har a gama.

Hattara: laminatin, wato rufe takarda da leda a injin zafi, yana kashe takarda, domin zafi da gam suna shiga jikinta kuma ba a iya cirewa. Haka salatif da gam da fil da biro. Idan dole a rubuta lamba a bayan hoto, da fensir mai laushi ake yi, a gefe, ba tare da dannawa ba.

7. A shirya ɗakin

A fara da rufi da ƙofa kafin ado. A duba yoyo, a toshe ramin ɓera, a nemi hanyar gara a gindin bango, a sa kwaɗo biyu waɗanda mabuɗansu ke hannun mutum biyu dabam-dabam. A gama fenti aƙalla mako biyu kafin kaya su shiga, domin warin sabon fenti yana ɓata ƙarfe da takarda. Fari ko ruwan madara ya fi, saboda kayan su fito.

A zana ɗakin a takarda, a tsara hanya guda daga ƙofa, a bar faɗin da ya kai mita ɗaya da rabi inda hali ya yi, domin tsoho mai sanda da mace mai goyo su wuce ba su taɓa komai ba. Abin da ya fi jan ido shi ke fuskantar ƙofa. Mu huhun goro muka sa, sabo, wanda wani dattijo daga cikin masu sana'ar ya ɗaure da ganye a gabanmu, kuma ƙamshinsa ne ya fara tarbar mutane kafin su karanta komai. Hotuna a rataye su tsakiyarsu na kusan santimita 150 daga ƙasa. Ƙananan kaya masu shiga aljihu, irin su kuɗin wuri da zobe da lambar soja, sai cikin akwatin gilashi mai makulli. Babbar riga ba a rataye ta a ƙusa ko siririn hanga; a zura sanda mai kauri da aka naɗe da farin ƙyalle ta hannu zuwa hannu, nauyin ya rabu. Alƙur'ani rubutun hannu a ɗora shi sama da komai, mai alwala ya ɗauka, a riƙa juya shafin kowane mako saboda haske.

Hattara: rana ba ta sauka a kan tufa ko takarda ko da na awa ɗaya ne a yini, don haka a sa labule a tagar da ke fuskantarta, a yi amfani da fitilun LED waɗanda ba sa zafi. Da damina a sayi 'yar na'urar auna laima. Idan ta zauna sama da kashi 65 cikin 100 kwana da kwanaki, fumfuna na tafe, sai a kunna fanka, a janye kaya daga jikin bango, a zuba 'yan ƙunshin silika, irin na cikin kwalin sabon takalmi, a akwatunan gilashi. Abin kashe gobara ya kasance a bakin ƙofa, kyandir da turaren wuta kuwa ba sa shiga ko da an ɗauke wuta.

8. A rubuta takardun bayani

Kowane abu da katinsa: sunansa, lokacinsa gwargwadon abin da aka tabbatar, jimla biyu ko uku na labarinsa, da gidan da ya ara idan sun yarda a faɗa. Kada ya wuce kalma 50, da manyan haruffa baƙi a kan fari, yadda mai raunin ido zai karanta daga tsaye. Hausa a sama, Turanci a ƙasa, babban allon ƙofa kuma a ƙara masa Twi domin maƙwabtanmu Asante, da layi ɗaya na ajami domin dattawan da da shi suka iya karatu. A yi amfani da kalmomin masu sana'ar: madugu, jagaba, huhu, waga, da ƙwarya wadda a bakin 'yan goro take nufin goro 100.

Hattara: abin da gida ya faɗa a rubuta shi da "in ji iyalan gidan", kada a mayar da shi hukunci. Kalmomin "na farko" da "wanda ya kafa" su ne suka fi jawo rigima. Kafin a buga, a kai wa kowane gida katinsa a karanta musu, musamman sunaye da laƙabi.

9. Ranar buɗewa da harkokin jama'a

Idan taron zai fito titi ko fili, dokar zaman lafiyar jama'a ta 1994 ta ce a sanar da 'yan sanda a rubuce aƙalla kwana 5 kafin ranar. A fara da addu'a, jawabai kada su wuce uku, a gama kafin azahar. Masu ba da aro su ne manyan baƙi, su fara shiga kafin kowa, kowanne a raka shi gaban kayansa. A riƙa shigar da mutane 15 zuwa 20 a lokaci guda, abinci da sobolo, wato zoɓo, kuma su tsaya a waje ƙarƙashin rumfa.

Abin da ke raya ɗakin bayan ranar farko shi ne harka guda tabbatacciya kowane mako, a rana ɗaya da lokaci ɗaya, har mutane su saba. Hirar dattawa bayan la'asar ranar Asabar ta fi komai jan jama'a: tsoho ɗaya, abu ɗaya a hannunsa, yara a kan tabarma, mai ɗaukar labari yana naɗa. A ware yini guda na mata zalla, magajiya ta jagoranta, domin akwai labarin jere da kayan ɗaki da sana'ar koko da waakye, wato shinkafa da wake, da ba zai fito a gaban maza ba. Makarantun boko da na allo a ba su safiyar ranakun aiki, aji ɗaya a lokaci guda, a aika wa shugaban makaranta takarda mako biyu kafin nan, kuma kowane yaro ya koma gida da tambaya ɗaya da zai yi wa kakarsa. A tanadi tebur na abubuwan da aka yarda a taɓa, sabon allo da tawada da alƙalamin kara, da goro da ganyen ɗauri, saboda hannun yaro sai ya taɓa wani abu. Ranar kawo hoto ma tana da amfani ƙwarai: kowa ya zo da tsohon hoton gidansu, a yi sikanin nan take, ya koma da abinsa, mu kuma mun sami jigon baɗi.

Kuɗin shiga, a ganina, kada a sa wa yara da masu ba da aro. Akwatin gudummawa mai kwaɗo a bakin ƙofa ya wadatar.

Hattara: ba a ɗaukar hoton yara ko na matan aure a sa a Facebook ko WhatsApp sai da izini, haka nan takardar da ke ɗauke da sunan mutum da bashin da ake binsa, irin littafin lissafin da na ambata, mun buɗe shi ne a shafin da babu sunan kowa.

10. Duban kullum

Mutum biyu ke tsaron ɗaki duk lokacin da yake buɗe. Safe da yamma a bi rajista a ƙirga kaya ɗaya bayan ɗaya, a sa hannu. A share ƙasa da ɗanyen tsumma maimakon tsintsiya, musamman da hunturu, a duba ƙarƙashin akwatuna ko akwai kashin ɓera ko fukafukin ƙwaro. Idan wani abu ya fashe ko ya ɓata, a tattara ɓaraguzan a takarda, kada a liƙa, a je gidan mai shi a ranar tare da dattijuwar kwamiti a faɗa masa da baki kafin ya ji a waje.

11. A mayar da kaya cikin mako guda

A sa ranar rufewa tun farko kuma kada a ɗaga ta, ko da jama'a na ta zuwa, sai an koma an nemi sabon izinin kowane mai kaya. Washegarin rufewa a sauke kaya ɗaya-ɗaya, a gwada kowanne da hoton da aka ɗauka ranar karɓa, a naɗe shi da katinsa a jiki. Waɗanda suka karɓo su ne za su mayar, da ƙafa ko a mota, ba a jibga su a bayan aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ba, kuma ba a aiken yaro.

A gidan, a buɗe ƙunshin a gaban mai shi da shaidan da ya sa hannu, a bar shi ya juya abinsa ya duba son ransa, sannan ya sa hannu a rajista cewa ya karɓa lafiya, a karɓi rasit ɗinsa a soke. Sai a cire katin lamba a manna a shafinsa na rajista. A bar wa gidan kwafin hoton kayansu yadda ya zauna a ɗakin, da katin bayaninsa, da muryar tsohonsu a filash ko a tura ta wayar babban ɗa, tare da goron godiya. Bayan gida na ƙarshe, kwamiti ya zauna ya karanta lissafin kuɗi, a kai kwafi ga sarki da liman da magajiya, a kwance katako a jingine shi a kan bulo nesa da ƙasa saboda gara, rajista da filash ɗaya su zauna a ɗakin, filash na biyu a gidan wani daga cikin 'yan kwamiti.